Ƙuri'ar Baba Armand

Corwin Falls, Vermont
9 ga Janairu

Curtis, ƙanena,

Ina gaishe ka, da fatan ranar Phoenix ba ta gama soya maka ƙwaƙwalwa ba, ko da yake kwalin da ka aiko ya sa na fara shakka. Mu nan lafiya lau, in aka cire gwiwar Baba da ta kumbura tun faɗuwar da ya yi a bakin rumfar itace, da kuma bayana da ba mai tambayar sa. Dusar ƙanƙara ta kai rabin taga.

Kwalin ya iso ranar Litinin. Na buɗe ina zaton safa ce mai kauri, sai ga gwangwani mai magana, ga allon latsawa, ga kyamara wai in liƙa a ɗakin Baba ka riƙa ganin sa daga can. Curtis, a gidan nan fa aka haife ka. A wace shekara aka kawo intanet Hanyar Tudu ba a gaya mini ba? Nan ko wayar hannu sai mutum ya hau bayan rumfa ya ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa.

Na dai jona gwangwanin don kada a ce ban gwada ba. Muryar mace ce a ciki, tun safe take cewa ba ta samu haɗi ba, a duba. Baba ya saurare ta har sau uku, ya ce, "Noreen, wace ce wannan, kuma wa ya ba ta izinin shigowa?" Na ce Curtis ne ya aiko ta ta riƙa tuna maka shan magani. Ya ce, "Shi kuma wa zai tuna masa hanyar gida?" Ya zare ta ya cusa cikin buhun dankali. Allon ya zama mazaunin butar shayi. Kyamarar na ɓoye, don in ya gan ta sai mun wuni muna jin labarin gwamnati da leƙen asiri.

Kada ka ce me ya hana ni kira. Ka san wayar gidan nan kai biyu gare ta, da an ɗaga na kicin Baba ya ɗaga na gefen gadonsa yana huci a ciki kamar bijimi. Abin da zan faɗa ba na kunnensa ba ne.

Colette na da ciki. Ƙarshen Yuli za ta haihu, can Halifax, jikana na fari. Ina so in je in yi wata biyu wajen 'yata. Shekara huɗu ke nan tun rasuwar Mama ban kwana ko'ina ba sai gidan nan. Ni ke wanka, ni ke girki, ni ke ɗaga shi in ya zame. Ya rantse ba baƙon da zai taɓa jikinsa, gidan tsofaffi kuwa ya ce sai dai a kai gawarsa. Mu biyu ya haifa. Kai kuma kullum kana taƙama aikinka daga ko'ina ake yin sa. To ko'inan bai haɗa da gidanku ba?

Ba gwangwani nake nema ba, mutum nake nema mai hannu biyu.

Yayarka,
Noreen


Phoenix
20 ga Janairu

Yaya Noreen,

Gaisuwa da ban girma. Na yi murna ƙwarai da labarin Colette, Allah ya raba lafiya. A gai da Baba da jiki, a ce masa ya daina zuwa rumfar nan shi kaɗai. Ni ƙalau nake, sai ciwon wuya na yawan zama.

Na ji faɗan, na karɓa. Amma ke ma, Yaya, kina da ban haushi. Rabin yini na ɓata ina zaɓar kayan nan, ko "an gode" ban samu ba. Na manta da maganar haɗi, na yarda. Nan ko a layin sayen burodi akwai shi, har mutum ya manta akwai inda babu.

Sai wannan "ko'ina" da kika kama kika riƙe. Ke da Baba kun ɗauka ina zaune ne da gajeren wando ina danne-danne ana biya na. To, gajeren wandon gaskiya ne. Amma tun bakwai na safe nake gaban allo, taro biyar ko shida a rana, mutum goma sha biyu a ƙarƙashina, wani a Toronto, wata a Austin, kowa da kukansa. Hoto ya tsaya minti biyu an fara cigiyata. In na zo gida yanzu a ina zan yi taron? A bayan rumfa, hannu a sama?

Ga magana ɗaya. Na gani a shafin gari cewa a taron Maris za a kaɗa ƙuri'a kan jan layin intanet daga babban titi zuwa hanyoyin tudu. Ki rubuta ki ajiye: ranar da layi ya shiga gidan Baba, zan tattara kwamfutata in dawo ɗakina na da, ki tafi Halifax, ba wata biyu ba, ko shida kike so. Alkawari ne. Igiya ce kawai tsakanina da gida.

Ko da yake abin dariya ne a ce a wannan zamani sai mutane sun taru a ɗakin wasan makaranta ranar Talata, sun wuni suna cin wake, kafin a yanke ko za a bi duniya. Me zai hana kowa ya danna a wayarsa a gama cikin minti biyar? Mai aiki ba ya samun zuwa, 'yan fansho ke mulkin gari, ku kuma kuna ta yabon kanku.

Akwai wani shiri da nake kallo, na so a ce kina iya gani. Mata da miji ne suka bar birni suka sayi tsohon gidan gona suna gyarawa. Duk sanda na kalla sai na tuna gida.

Ƙaninki,
Curtis


Corwin Falls
2 ga Fabrairu

Curtis,

Lafiya muke. Kumburin gwiwa ya sace, tari ya maye gurbinsa. Na gode da kwalin, tunda godiya kake nema. Butar shayi ba ta taɓa samun gata irin wannan ba.

Shirin nan naka ya kusa sa ni yaga takardar. Kana kishingiɗe kana kallon baƙi suna gyara rufin gidan gona har kana tuna gida, alhali rufin gidanku na yoyo daidai kan tsohon gadonka, bokiti na tara. Tir! Mu nan tasha uku muke kamawa a talabijin, in iska ta taso biyu. Baba rahoton yanayi yake kallo kamar fim, yana musu da matar da ke karanta shi: "Ƙarya kike, ba za a yi ba." In an yi ya ce ita ta jawo.

Amma na yafe maka komai saboda alkawarin nan. A tsaye na karanta shi a gidan waya, sau huɗu. Har na je shagon Dufresne na ari wayarsu na gaya wa Colette, ta yi ta kuka.

Yanzu sauran aiki, kuma ka san wanda ke gabana: mahaifinka. Shekara hamsin Armand Laflamme bai taɓa cewa "e" ga abin da zai taɓa haraji ba. Shi ya kayar da ƙudurin kafa fitilun titi a taron gari har sau biyu. Shi da amininsa Hollis Tuttle sun riga sun buga allo a jikin bishiyar bakin hanyarmu: A'A GA IGIYA. Ni na buga ƙusar da hannuna, don in ban buga ba tsani zai hau. Wai in layi ya zo 'yan birni za su biyo shi kamar ƙuda, su saye gonaki, su zauna a ɗaka da rana tsaka suna magana da bango. Ban gaya masa alkawarinka ba. In na faɗa dole in faɗi dalili, ya ji cewa ya zame mini kaya. Ba zan iya ba.

Don haka in ya kwanta bayan abincin rana sai in fita gida-gida neman ƙuri'a. Na samu malaman makaranta. Na samu iyayen da 'ya'yansu ke yin aikin gida a cikin mota a ƙofar laburare, don can kaɗai ake samun haɗi.

Batun dannawa a waya kuma, riƙe abinka. Colette ta ce kullum kana intanet kana zagin 'yan majalisa da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Me ka taɓa gyarawa da haka? Siyasarka a babban yatsa take. Tamu sai ka miƙe gaban mutumin da zai jawo motarka in ta faɗa rami gobe, ka ce masa bai yi daidai ba, sannan ka miƙa masa kwanon wake. In kana ganin wasa ne, zo ka gwada.

Noreen


Phoenix
17 ga Fabrairu

Yaya,

Ina gaisuwa. A ba Baba zuma da lemun tsami, in tarin bai tafi ba a kai shi asibiti. Ni ina lafiya, aiki ne ya yi mini rubdugu.

Na ga kin ɗauki abin da zafi. Ki bi a hankali, kada ki ɓata da maƙwabta a kan abin da ba lallai ya wuce ba. Kin san garinmu. Kuma da ba ki yi saurin gaya wa Colette ba, ba a sa wa mai ciki rai a kan ƙuri'a.

Babban yatsan da kika raina, da shi aka kori wani ɗan majalisarmu bara, ba a ci wake ko ƙwaya ɗaya ba. Amma bar wannan.

Ki tabbata dai kin kai Baba taron, komai sanyi. Bai taɓa fashi ba, kada a ce a kanmu aka hana shi haƙƙinsa.

Shirin nan ya ƙare. Ashe sayar da gidan suka yi suka koma birni. Na ji haushi ba kaɗan ba.

Curtis


Corwin Falls
5 ga Maris

Curtis!

Gaisuwa a gurguje, kowa lafiya, tari ya tafi. An ci! Zauna ka sha labari.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Na yi niyyar barin Baba a gida, har na shirya ƙaryar cewa mota ta ƙi tashi. Wasiƙarka ce ta kunyata ni. Na ce ka ga yaron nan, abin zai iya cutar sa, amma mutuncin tsoho yake dubawa. Sai na yi wa Baba aski, na sa masa kwat ɗinsa na zuwa coci, na loda ƙarfen dogarawarsa a mota.

Ɗakin wasan ya cika maƙil. An yi awa guda a kan motar share ƙanƙara, rabin awa a kan karen Bouchard. Sai bayan an ci wake aka zo kan namu. Prudence Ames ce ke jan taro bana ma. Kafin ta gama karanta batun Hollis ya miƙe, ka kuwa san shi, ba shi da waigi. Ya ce kakanninmu sun share dajin nan ba su da intanet. Wata daga baya ta ce, "Ba su da haƙoran roba ma, Hollis, cire naka!" Aka kwashe da dariya, Prudence na ta buga guduma. Baba ya yi nasa daga zaune, ƙuda da masu magana da bango, aka tafa masa.

Sai Hollis ya juyo ya ce, "A nuna mini mutum ɗaya a Hanyar Tudu da rayuwarsa ta tsaya saboda igiyar nan. Ɗaya tak!"

Ban san sanda na miƙe ba. Na ce, "Ni." Na ce shekara huɗu ban kwana a waje ba. Na ce 'yata za ta haihu a Yuli, kuma ƙanena ya yi alkawari a rubuce, ranar da layi ya shigo zai dawo ya karɓe ni. Na ce na gaji, Hollis, na gaji har cikin ƙashina. Duk wannan Baba na zaune dab da ni, ban iya kallon sa ba.

Prudence ta ce masu e su ce e, masu a'a su ce a'a. Murya ta zo kunnen doki, ta ce to a miƙe a ƙirga. Masu e muka tashi. Ana ƙirgawa ina bi da ido, na ga ba mu kai ba. Sai na ji ƙarfe na ƙara a gefena. Na ɗauka banɗaki zai je, na kai hannu, ya buge hannun. Ya kama ƙarfen ya yunƙura, ya koma. Ya sake, ya koma. Prudence ta dakata da ƙirga ta jira shi, mutum ɗari da wani abu suna kallo. A na uku ya miƙe.

Hollis ya ce, "Armand, zauna, ba a zo kanmu ba tukuna."

Baba ya ce, "Na san inda aka zo, kunnena ƙalau."

Ka tuna Emile da Gaston Roy, tsofaffin nan da ba su taɓa tashi ba sai sun ga Baba ya tashi? Suka dubi juna suka miƙe, na rantse ba su san a kan me ba. Da ƙuri'a uku muka ci.

A mota, sai da muka wuce gada ya juyo gare ni. Ya ce, "Da kin faɗa mini a kicin." Na ce kunya na ji. Ya ce, "A gaban gari ne babu kunya?" Da muka iso bakin hanya ya sa na tsaya na ɓamɓare allon, yana kallo ta taga.

Masu aiki za su fara da zarar ƙanƙara ta saki ƙasa, sun ce kafin ƙarshen Yuni an gama. Na fara kwashe tarkacen ɗakinka. Faɗa mini ranar da za ka taso da irin teburin da kake so.

Yayarka,
Noreen


Corwin Falls
6 ga Afrilu

Curtis,

Ina fata lafiya, ko da yake mai lafiya ba ya rasa biro. Mu muna nan, laka ta cinye hanya, Baba na ci yana sha.

Wata guda ke nan cur ban ji daga gare ka ba. Sau uku na kira ka daga shagon Dufresne, na'ura ke amsawa, wai kana taro. Kai da ke da waya a aljihu, a mota, har a agogo, an rasa ta wacce za a same ka.

Ba ni da ikon sayen madara ba a tambaye ni yaushe Curtis zai iso ba. Matar gidan waya da ta hango ni take girgiza kai, tun kafin in buɗe akwati. Hollis ya daina zuwa shan kofi, amincin shekara sittin. Baba kuwa bai tambaye ni kai ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Amma ya sa an zo an gyara rufin ɗakinka.

Ka amsa, ko da zagi ne.

Noreen


Phoenix
15 ga Afrilu

Yaya Noreen,

Ina gaishe ki, ina gai da Baba. Lafiyata ƙalau, ba ni da wannan uzurin.

Sau biyar na fara wasiƙar nan. A ta farko na ce kamfani ya hana aiki daga wata jiha. A ta biyu na ce an umarce mu mu koma ofis. Duk ƙarya ne, na yaga. Shugabata ta ce in na ga dama in yi aiki daga duniyar wata, ita dai ta ga fuskata a allo da safe.

Gaskiya ita ce ban taɓa zaton za a ci ba. Na yi alkawarin ne don na san Baba. Na ce a raina mutumin da ya kayar da fitilun titi ba igiya ce za ta gagare shi ba. Za a kayar, in ce kash, laifin gari ne, ki huce, a ci gaba yadda ake. Da na ce ki tabbata kin kai shi taron, ba mutuncinsa nake dubawa ba, ƙuri'arsa nake so. Kin ga alheri a inda babu shi.

Amma ke ma, Yaya, wa ya aike ki ki kai wa gari maganarmu? Yanzu in na zo a ce kunya ta kawo ni, in ban zo ba in zama abin nuni har jikoki. Kin ɗaure ni gaban mutum ɗari. Haba!

Tsoro nake ji, in kina son ki sani. Zuwan da na yi jana'izar Mama na ga Baba yana fama da maɓallin rigarsa ya kasa sawa. Na sulale na fita na tsaya jikin mota har kika zo kika sa masa. Ni a allo na iya mutane. In abu ya yi nauyi akwai inda ake dannawa a fita. Shekara ashirin da shida ke nan ba wanda ya buƙaci hannuna, na saba, har ina jin daɗin hakan.

Ban ce ba zan zo ba, ban kuma ce zan zo ba. Ki ba ni lokaci. Don Allah kada Baba ya ga wannan.

Curtis


Corwin Falls
11 ga Mayu

Curtis,

Mahaifinka ne. Ina lafiya daidai shekaruna. Ka yi haƙuri da rubutun, hannu na rawa, kwana uku na yi a kansa.

Yayarka ba za ta amsa maka ba. Ta karanta takardarka, ta bar ta a buɗe kan teburin kicin kusa da tabarauna, ta fita ta yi ta faskare har rana ta faɗi. Itacen da ta fasa zai kai mu Kirsimeti. Ba mantuwa ta yi ba, don haka na karanta.

Ba ka ba ni mamaki ba. Tun tana magana a taro na gane dabarar da ka yi, ni na haife ka. Kana yaro in an ce ka kwashe kashin shanu sai ka leƙa ka ga hadari, ka ce da zarar an ɗauke ruwa. Duk da haka na miƙe. Ba don kai ba. Har gobe ina nan kan bakana, igiyar nan masifa ce, ga masu aiki can a saman turaku tun Litinin suna sare mini rassa. Na miƙe ne don yarinyar nan Noreen in ta dawo daga sayayya takan kashe mota ta zauna a ciki minti ashirin kafin ta shigo. Ta taga nake hango ta. Na ɗauka rediyo take ji. A taron nan na gane ba rediyo ba ne.

Ka ce tsoro kake ji. To ni fa? Ka ɗauka daɗi ne mutum ya tsaya tsirara 'yarsa na cuɗa masa baya? Kowa da tsoronsa yake tashi da safe ya sa takalmi.

Na lashe amaina gaban gari kaf, na rasa Hollis. Ba zan roƙe ka ba, ban taɓa roƙon kowa ba. Wata biyu ne. Ba sai mun yi hira ba, ka yi magana da bangonka, ni in kalli yanayi. In kuma ba za ka zo ba, ka faɗa a fili kamar namiji, ni kuma in sa hannu a takardar gidan tsofaffi. Na riga na sa Prudence ta karɓo mini, tana aljihun kwat ɗina. Noreen ba ta sani ba. Ko ta wace hanya, sai ta ga jikanta.

Laka ta bushe, mota na iya hawowa.

Armand Laflamme


Phoenix
19 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. Ki sayi tikitinki. Ranar 28 ga Yuni zan iso, ko layi ya shiga ko bai shiga ba. In bai shiga ba in ɗauki hutu. Wata biyu na ce, ban ce shida ba. Wannan karon abin da zan iya kawai zan faɗa.

Ki ce wa Baba na samu saƙonsa, ya bar abin da ke aljihunsa a aljihunsa. In ya ƙi gaya miki ko mene ne, ki ƙyale shi.

Ban huce da abin da kika yi mini a taro ba, ke ma na san ba ki huce da nawa ba. Sai mu yi faɗan a kicin in na zo. Kuma don Allah kada ki gaya wa matar gidan waya ranar, ba na son 'yan kallo.

Abu ɗaya nake roƙo kafin ki tafi. Ki zauna ki rubuta mini komai a takarda, dalla-dalla, kamar kina yi wa wawa bayani. Wane magani da safe, wanne da yamma. Me yake ci, me yake turewa. Ta wane gefe ake kama shi in zai tashi. Da yadda ake yi masa wanka, Yaya, daga ina ake farawa, kuma ina mutum yake sa idonsa. Shekarata arba'in da tara, ban sani ba, shi kuma ba zan iya tambayar sa ba.

Ƙaninki,
Curtis